Tsinken da Baba Ya Sa a Inda Na Tsaya

A shekarun da aka fara shari'a a Kano ni saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai, Bahaushe, Kirista, daga wata 'yar unguwar manoma tsakanin Rano da Kibiya. Cocinmu ɗaki ɗaya ce ta ƙasa, ba mu da fasto, sai wani mai bishara da kan leƙo mu jefi-jefi in kekensa na lafiya. Babana ke buga ƙarfen kira ranar Lahadi, ni kuma nake karanta wa jama'a Littafi Mai Tsarki, don cikin dattawanmu ba wanda ya yi boko. Duk inda na tsaya, Baba zai karɓi Littafin ya sa tsinken tsintsiya a wurin, mako na zagayowa mu ɗora. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura da wannan aiki. Gani nake in babu ni babu sujada.

Da na tafi Kano koyon ɗinki, Lahadin farko na ci ado da kaftanina da hulata, na nufi wata babbar coci. Lokacin gari cike yake da tsoro da jita-jita, an sa samari a ƙofa suna duba masu shiga. Kowa ya wuce, ni aka tare. Suka tambayi sunana, na faɗa, sunan Hausa ne tsantsa. Ɗayansu ya tambaye ni da Turanci me Bahaushe ke nema a nan, ni kuwa Turancina bai taka kara ya karya ba. Na ce musu a coci aka haife ni, na karanto musu addu'a da ka, suka ce hadda ai kowa na iya yi. Suka cire mini hula suka leƙa cikinta, ina kallon wata mata ta janye 'yarta daga kusa da ni. A ƙarshe aka ba ni benci a waje, aka sa wani ya tsaya a kaina. Ban jira an tashi ba na fice, ina tafe ina haɗiye kuka. A shago kuma abokan aikina Musulmi ba su taɓa cutata ba, amma kullum sai an tsokane ni yaushe zan dawo hanya. Sai na ji nan ba a yarda da ni ba, can ma mamakina ake yi.

Da damina na koma gida noma, ban gaya wa kowa abin da ya faru ba, kunya ta hana. Lahadi Baba ya buga ƙarfe, na ce kaina ke ciwo. Mako na biyu ma haka. A na uku na fito fili na ce na daina, coci ta masu ita ce, mu 'yan rakiya ne. Baba ya tambaye ni wa ya ɓata mini, na ce ba kowa. Ya ce ba zai tilasta ni ba, amma in sani wurin da na tsaya yana nan da alama. Da ma a kaina kaɗai na tsaya, da da sauƙi. Bakina da kaifi, na zauna na zuga abokaina uku, tsararrakina, ina kwaikwayon yadda tsofaffi ke jan waƙa muna dariya, har ya zama Lahadi ranarmu ce ta zuwa Rano kallon ƙwallo. Mutanen da ba su yi mini komai ba, a kansu na huce. Bayan girbi na koma Kano, shekara uku ko Kirsimeti sai na daidaita an tashi daga sujada nake isa gida.

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, sai ga maƙwabcinmu a bakin shago. Alhaji ne dattijo, Musulmi, gonarsa na iyaka da tamu, tare suka yi ƙuruciya da Baba. Ya ce Baba na kwance, ya ƙi abinci, ba abin da yake nema sai in zo in yi masa karatu. Har ya ce da shi ya iya boko, da ya karanta wa amininsa da kansa ya hutar da ni. Kun san abin da ya fara zo mini a rai? Wai in na tafi Asabar, Lahadi za ta riske ni a can, dattawa su ja ni coci, abokaina su yi mini dariya. Na ce masa sai Litinin, aiki ya yi yawa. Ya dube ni, ya ce in ji tsoron Allah, ya juya.

Litinin da hantsi na isa. Inna ta tare ni a zaure ta ce bakinsa ya rufe tun jiya da azahar. Ta ce da safen Lahadin sai da ya sa aka ɗauke shi zuwa ƙofar coci, duk takun da ya ji sai ya tambaya ko ni ne. Ta miƙo mini Littafin ba tare da ta dube ni ba. Ina buɗewa na ga tsinken, daidai inda na tsaya shekara uku da suka wuce, har ya yi wa takardar shaida. Ashe bai taɓa bari an motsa shi ba. Mai bishara in ya zo da nasa yake karatu, sauran Lahadin kuwa Baba kan ɗora Littafin a tebur, su ɗan jira, in ban zo ba su yi waƙoƙin da suka haddace su watse. Na durƙusa a gefen tabarmarsa na fara karantawa. Na ɗaga murya, na kai bakina kunnensa, na ce Baba ga ni na zo, na roƙe shi ko yatsana ya matse in yana ji. Na yi ta karatu ina kuka har la'asar, har muryata ta dushe, idonsa na kallon rufin ɗaki. Talata da safe ya cika. Har yau ban san ko ya ji kalma ɗaya ba, kuma wannan rashin sanin ne ke cina.

Yanzu ni nake buga ƙarfen, ni nake karatun. Cikin abokaina uku ɗaya ne ya dawo. Sauran biyun in na je roƙonsu, maganganuna na da suke maimaita mini, har da dariyar. Masu tsaron ƙofar ɗakin ibada, ku san irin kallon da kuke yi wa baƙo, kuna iya korar mutum ba ku sani ba. Ku kuma 'yan'uwana matasa, in an wulaƙanta ku a wani wuri ku faɗa wa na gida, kada ku ɗauko fushin ku sauke wa tsohon da ke jiranku. In aka ce ku zo, ku tafi a ranar. Na sami wani tsinken da nake sa alama da shi, na Baba kuwa yana nan inda ya bar shi, hannuna ya kasa cire shi.