Malam Isyaku Jibrin Sheshe, Mai Lamba Ɗaya

Haihuwa, Karatu da Aiki

An haifi Malam Isyaku a unguwar Sheshe cikin birnin Kano a shekarar 1941. Mahaifinsa, Malam Jibrin, baduku ne a Kasuwar Kurmi, mahaifiyarsa kuwa Malama Indo ce, 'yar Mandawari. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya gama elamantare, ya sami horo a kan gwajin jini, aikin da ya kama a 1962, ya kuma shafe shekara talatin da biyar a kan teburi ɗaya ba tare da wani ya tuna ya ɗaga shi ba.

Iyali

Ya auri Sa'ida a 1966. Allah ya ba su 'ya'ya shida, biyu suka rasu da ƙuruciya.

Binciken Dattawa

A 1999, shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, wata likita, Dakta Rabi'atu, ta dawo da shi daga ritaya domin bincike a kan dattawan da ciwon suga, hawan jini da teɓa suka tarar musu. Manufar ita ce a auna alamun kumburi a jininsu, a kuma duba kaurin jijiyar wuyansu da na'ura. Dattawa suka ƙi, domin ba su san inda za a kai jinin ba. Sai Malam Isyaku ya naɗe hannun riga a gabansu aka fara ɗibar nasa, aka duba wuyansa, aka ba shi lamba ɗaya, ranar kuwa likitar ba ta nan. Daga nan dattawa suka fara yarda. Suna ba ya shiga takardar sakamako, kuma shi kaɗai ke riƙe da sunayen masu lambobi.

Wata goma sha takwas ya yi yana bin zaure-zaure. Ko'ina sai an ajiye masa fura da sukari ko alkaki, shi da ya fi kowa sanin illarsu, amma idan ya ƙi ci, mai gida ba zai miƙa hannu ba.

A 2001 sakamako ya nuna mutum talatin da ɗaya suna cikin haɗari, mai lamba ɗaya kuma ya fi kowa. Ya raka talatin asibiti ɗaya bayan ɗaya, yana tafiya yana hutawa a dakalin mutane. Duk sanda likitar ta tambaye shi labarin mai lamba ɗaya, amsarsa ba ta canzawa: “Na je, likita. Ya ce ya gaji, sai an gama da sauran.”

Rasuwa

Ɓarin jikinsa ya shanye a watan Sha'aban na 2002, mako biyu bayan ya raka na talatin, ya rasu ranar Talata da hantsi. An binne shi a maƙabartar Dandolo bayan la'asar. A wajen ta'aziyya Sa'ida ta miƙa wa likitar takardar sunayen, ta ga wanda ke layin farko.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Mikail, Tajuddeen, Hajo da Yusra. Dattawan nan talatin duka sun sallaci gawarsa, wasu suna dogara sanda.