Mai Tura Bango a Shagon Tunga

Malam Zikrullahi yana zaune a shagon gyaran kwamfuta a Tunga, da kwamfutar 'yarsa Zuliha a cinyarsa. Tun rasuwarta bai buɗe ta ba. Ya zo ne a goge abin da ke ciki.

Kusa da shi wata budurwa ce siririya, da tabon biro a bakin mayafinta. Ta danne filogin tata kwamfutar da babban yatsa don kada ya zare, domin batirin kwamfutar ya mutu. Da alama ɗalibar jami'a ce.

A allonta ɗigo-ɗigo ne dubbai a jere. Wani bango yana turo su daga hagu a hankali, amma matsin yana riga bangon yin gaba.

"Ƙwayoyin ƙarfe ne, Baba," in ji ta, ganin yana leƙe. "Ina gwada yadda bugu ke ratsa su. In aka ɗauke wuta kafin ya kai ƙarshe, sai na koma farko. Ga shi jibi zan tsaya gaban malamai in kare aikin."

Ya daɗe yana kallon na dama, waɗanda bugun bai iso ba tukuna, suna zaune lafiya.

"Waɗanda bugun ya wuce fa?" ya tambaye ta.

"Suna sake jeruwa. Sun dai fi matsuwa."

Sai aka ɗauke wuta, allon ya yi baƙi. Ta ciji leɓe, har yanzu yatsanta na kan filogin.

Ya miƙa mata kwamfutar Zuliha. "Batirin wannan lafiya lau yake, 'yata. Hotunan da ke ciki kawai za ki bar mini."