Mato Mai Hoto da Kwalayen da Muka Manta

Da an idar da sallar asuba Mato mai hoto zai sha kokonsa a tsaye, ya buɗe shago, ya kakkaɓe labulen nan mai zanen jirgin sama da rabin mutanen Zongo suka taɓa tsayawa a gabansa. Sai ya zauna jiran mai zuwa. Yanzu jiran ne ya fi yawa.

Tun kafin a rushe tsohon Zongo a kwaso mu nan yake sana'ar, kuma kowane hoto biyu yake wankewa: ɗaya na mai shi, ɗaya ya shiga kwali. Ba ya manna fuskar kowa a ƙofa don talla, ba ya miƙa wa wani hoton matar wani.

Sai ga kamfanonin intanet, wai mu kawo hotuna su ajiye mana kyauta. Muka kwasa muka kai. Suna, biki, har gawa a makara, ba kunya ba tsoron Allah! Mato kuwa muka bar shi da labulensa, ko gayyata muka daina yi masa.

Bara Muktar mai canji na unguwar Kodjoviakopé ya rasu. Kafin arba'in aka fizge wayar ɗiyarsa Zahida a unguwar Tokoin, lambar ta tafi, kamfani ya kulle shafinta da duk hotunan da ke ciki. Ta rubuta musu har ta gaji, na'ura ce ke ba ta amsa. Ga mahaifiyarta Ma'u kullum tana cewa a nuna mata fuskar Malam. Zahida ta shiga shagon Mato tana hawaye.

"Baba Mato, hoton Babanmu ko ɗaya ba mu da shi. Sun rufe komai."

"Su wa?"

"Kamfanin."

"Ina ofishinsu? Tashi mu je."

"Baba, ai ba su da ofishi a nan."

"Au! Kika ba da ajiyar ubanki ga wanda ba ki san ƙofar gidansa ba?"

Ya sauke kwalaye, ya wuni yana kara hotuna kusa da ido, don ganin ya yi rauni. Da la'asar ya zaro hoton Muktar, ranar sunan Zahida, yana riƙe da ita. Nan take ta fito da wayar aro za ta ɗauka ta watsa. Mato ya rufe hoton da tafin hannu.

"Kai wa mahaifiyarki ta riƙe tukuna. Duniya ta jira."

Matan da ke ɗakin takaba sun ce Ma'u ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ga hular a karkace, yadda ya saba." Ranar ce ta fara yin dariya.

Mato, kai ne ka riƙe mana iyayenmu lokacin da muka watsar da su. Kai ne ma'ajin da bai taɓa kulle wa kowa ƙofa ba. Mun gode, Allah Ya saka maka, Ya yafe mana butulci.

To, ku ji da kyau. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, mai ginin ya ba mai sayar da waya shagon. Ɗakin Mato ba zai ɗauki kwalayen ba, abin da ba a karɓa ba bola za shi. Masu ɗaukar hoto na yanzu, ku koyi riƙon amana a wurinsa. Sauran mu kuwa, kowa ya ajiye wayar nan, ya taka da ƙafarsa, ya gaishe da dattijo, ya karɓo ubansa.