Mai Kofi da Gwal ɗin Waya

Shagon Mai Kofi yana ƙarshen layin masu walda, ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, inda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Sana'arsa zubin tagulla. Kofunan da ake ba 'yan ƙwallo, lambobin yabo na makarantu, allunan suna da ake mannawa a ƙofar ofis, duk daga ɗan murhunsa suke fitowa. Wurin kawunsa ya koya tun yana saurayi, da kawun ya rasu ya gaji murhun da zugazugin da tarin mazubai. Shi kansa bai taɓa cin gasar komai ba, amma yakan ce duk gwarzon da ya ɗaga kofi a garin, shi ya riga shi ɗagawa.

Mutum ne mai nauyin baki. In kwastoma ya ɗaga masa murya sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da goge abin da ke hannunsa har mai faɗa ya gaji. Tsoron hukuma kuwa, ko wucewa zai yi ta gaban ofishin 'yan sanda sai ya tsallaka ɗaya gefen titi. Matarsa, wadda ke ɗinki a gida, takan ce ta auri mutumin da in kaza ta taka shi, shi zai ba ta haƙuri. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta goya shi ta yi masa komai, don haka har ya yi furfura in Yaya ta shigo miƙewa yake yi.

Wata rana wani mutum mai kwat da ƙamshin turare ya tsaya a bakin shagon, ya ce shi manajan wani sabon kamfani ne. Ya nuna hoton sandunan gwal irin na bankuna, ya ce irinsu yake so na tagulla, a yi musu ruwan gwal, don ƙawata ofis. Mai Kofi bai ga aibu ba, ai kofunan ma ruwan gwal ake yi musu kuma kowa ya sani. Ya zauna ya yi aikin da bai taɓa yin mai kyansa ba. Abu ɗaya ya dame shi: mazubin ya ɗan tsage a kusurwa, kowace sanda ta fito da wani ɗan tabo kamar an danna farce. Ya nuna wa manajan, manajan ya ce ba wanda zai lura, ya kwashe kayansa ya tafi.

Bayan 'yan watanni gari ya ɗauka da zancen gwal ɗin waya. Ka saukar da manhaja, ka zuba kuɗinka, sai a rubuta maka cewa kana da wani yanki na gwal a ma'ajiyar kamfani, riba tana shigowa duk mako, in ka kawo wani a ƙara maka. Hujjarsu mai daɗin ji ce. Dokar ƙasar ba ta yarda mutum ya ajiye sandar gwal a gida ba sai da takardar izini, to ga kamfani mai izini zai riƙe maka, kai dai ka riƙe wayarka. Masu walda suka shiga, mai shayin bakin layi ya shiga. Mai Kofi bai shiga ba, ba don wayo ba, wayarsa ce ba ta ɗaukar manhaja.

Ranar da Yaya ta zo shagon fuskarta kamar an yi mata albishir da gidan sama. Ta yi ritaya daga aikin share-share a asibiti, kuma duk abin da aka ba ta na sallama ta zuba shi a gwal ɗin.

"Kai kana nan kana shaƙar hayaƙi, mutane suna arziki suna kwance," in ji ta. "Karɓi ka ga abin da ake ciki."

Ta miƙa masa waya. Bidiyo ne na wani ɗaki mai bangon gilashi, an jera sanduna suna walƙiya, wani yana bayani da murya mai zaƙi. Mai ɗaukar hoton ya matso kusa, sai ga ɗan tabon a kusurwa. Sandar gaba ma da shi, ta bayanta ma haka. Mai Kofi ya ɗago ya dube ta.

"Yaya, waɗannan ni na zuba su."

"Ka zuba me?"

"Tagulla ce. A murhun nan na narka ta. Don Allah ki je ki cire kuɗinki."

Ta fizge wayarta. "Ashe hassada har cikin gida? Kamfanin da manyan mutane ke ciki ne zai zo ƙarƙashin matakala neman gwal? Ni na goya ka, yau ni za ka mayar sakarya?" Ta fita ko sallama babu.

Washegari ya sa rigarsa ta zuwa biki ya tafi ofishin kamfanin. Manajan ya karɓe shi hannu biyu, ya sa aka kawo lemo mai sanyi, ya ce ai waɗannan na nuni ne kawai, na gaskiyar suna wani wuri da ba a faɗa saboda ɓarayi.

"To ku gaya wa mutane na nuni ne, ranka ya daɗe," in ji Mai Kofi.

Manajan ya yi murmushi, ya ce dama suna neman ƙarin sanduna don sabon reshe, kuma farashi sai abin da Mai Kofi ya yanka. Sannan ya sauke murya. "Baba, ka yi tunani. In maganar nan ta fita, wa ya ƙera jabun? Mu saye muka yi. Kai za a fara kamawa."

Ya koma gida, ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki ya zayyana mata komai. Ta tsayar da keken.

"Ni dai tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba," ta ce. "Amma na san ka. In ka yi shiru, abinci ma ba zai wuce maka wuya ba, ni ce zan sha jinya."

Tun da baki ba ƙarfinsa ba ne, sai ya koma ga abin da ya iya. Ya ɗauko mazubin nan ya zuba sanda guda, ya yi wa rabinta ruwan gwal ya bar rabin tsirara. Ya sa ta a jaka tare da magagarinsa, wato ƙarfen da yake gurzar aiki da shi, ya je ya tsaya kusa da dogon layin masu jiran yin rajista a ƙofar kamfanin. Duk wanda ya kalle shi sai ya fito da sandar ya gurza ɓangaren mai ƙyalli har tagullar ta bayyana, ya ce, "Irin ta ciki ce. Ni na yi su." Iyakar jawabinsa ke nan.

Wasu suka yi dariya, wasu suka ce kamfanin hamayya ne ya turo shi. Wata mata ta ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Wani ya ture shi har hularsa ta faɗi, ya ɗauka ya kaɗe ya koma inda yake. Amma wani direban tasi ya karɓi sandar ya juya ta, ya buɗe bidiyon a wayarsa ya gwada kusurwa da kusurwa, sannan ya fice daga layin. Kashegari Mai Kofi ya dawo, ya kuma dawowa. Layin ya fara gajarta.

Kamfanin ne ya kira 'yan sanda, ya ce ga wani yana yawo da sandar gwal ba takardar izini. Haka mutumin da ke tsallake titi don gudun ofishinsu ya shiga shi a bayan mota, jaka a cinya. Sufeton da ke bakin aiki ya ɗora sandar a tebur ya tambaye shi ina izininsa.

"Yallaɓai, ban san tagulla ma tana da izini ba."

Aka aika aka kira wani maƙerin zinariya daga kasuwa. Ya ɗiga mata ruwan gwaji, wurin ya yi kore yana kumfa, ya ce wannan ko ɗan kunne ba za ta yi ba. 'Yan sandan da ke tsaye suka tuntsire da dariya. Sufeto ya ce to ai babu laifi a nan, sai ɓata musu lokaci da aka yi, ya ce wa Mai Kofi ya tashi ya tafi gida.

Mai Kofi bai tashi ba. Ya ce, "Yallaɓai, akwai laifi. 'Yan'uwanta suna ɗakin gilashin kamfanin, ni na zuba su, mazubin yana shagona. A ɗiga musu ruwan nan."

Dariya ta ɗauke. Sufeton, wanda shi ma ya zuba kuɗi a manhajar, ya daɗe yana kallon wayarsa da ke kife a kan tebur, sannan ya ce a ɗauki bayaninsa.

Kafin takardar bincike ta fito, labari ya riga ta isa. Manajan da mutanensa suka ɓace, manhajar ta daina buɗewa. Da aka fasa ɗakin gilashin, sandunan suna nan a jere, ba wanda ya ga amfanin ɗaukarsu.

Wanda ya zaci za a gode masa bai san zafin asara ba. Mutane suka ce shi ya rusa kamfanin, da ya yi shiru da sun samu sun cire nasu. Aka jefi ƙofar shagonsa. Masu waldan da suka shekara suna cin abinci tare suka daina amsa gaisuwarsa. Makarantu suka kai aikin kofunansu wani wuri. Hukuma ma ba ta ƙyale shi ba, tun da hannunsa ne ya yi sandunan. Aka yi ta kiransa ana maimaita tambaya ɗaya, kuma duk kiran da aka yi sai ya rufe shago ya je, bai taɓa cewa ba shi ya yi ba. Daga ƙarshe aka sallame shi a matsayin shaida. A wannan tsakanin keken matarsa ne ya riƙe gidan. Direban tasin nan kuwa, duk inda ya hango shi a hanya sai ya tsaya ya ɗauke shi, in ya miƙa kuɗi ya ce zai sauke shi a tsakiyar titi.

Abin da ya fi ci masa rai Yaya ce. Komai nata ya tafi, kuma ta rantse ba za ta sake taka gidansa ba. Ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ta juya masa baya. Ya aika matarsa da kayan abinci aka dawo da su. Bai fasa aikawa ba, har ran da kwanon abincin ya dawo a wanke. Da ciwon ƙafa ya kwantar da ita kuma kuɗin haya ya gagara, bai nemi shawararta ba, ya zo da mota ya kwashe kayanta ya ba ta ɗakin da ya fi samun iska. Tana ta faɗa har aka shigar da ita.

Ba ta taɓa ce masa ya yi gaskiya ba, shi ma bai nema ba. Da ƙafar ta yi sauƙi sai ta ce zaman gida yana kashe ta, ta sa aka ajiye mata kujera a bakin shagon. Aiki ya fara dawowa sannu a hankali, kuma ita ke yanka farashi, don ta ce shi in an bar shi kyauta zai yi wa mutane.

Wata rana da hantsi wani mutum ya tsaya a bakin shagon ya nuna Mai Kofi da yatsa, ya ce ga tsohon da ya jawo musu tsiya. Mai Kofi ya sunkuyar da kai yana goge kofi. Yaya ta dogara sandarta ta miƙe.

"Kai, wuce ka ba mu wuri! Nawa ka rasa da ban rasa ba? Ƙanena ne, in zagi ne ni kaɗai ke da iko."

Mutumin ya wuce yana gunaguni. Ta koma ta zauna tana haki, ta juyo ta harari ƙanen nata.

"Kai kuma ka tsaya kana kallona, wutar murhunka tana mutuwa."