Baba da ƙwan lantarkin cocinmu

"Ladi, wai hoda kike yi wa X-ray? Ƙashi gare ta?" Babana ya tambaye ni ranar Juma'a. Tun da aka rufe masaƙarsu yake so in bar binciken da nake yi a jami'a in nemi aiki.

Na ce, "Baba, hodar ce ke sa ƙwan lantarki farin haske. Ina neman inda ƙwayoyin wani ƙarfe mai wuyar samu suka zauna a cikinta."

Jiya a cocinmu na Nasarawa Baba ya miƙe don ba da shaida, ya nuna ƙwan da ke sama, ya ce, "'Yata ta san abin da ke cikin wannan. Ku taya ni godiya."

Hawaye suka hana ni ɗaga kai. Ku fa, yaushe iyayenku suka fara alfahari da aikinku?