Darar da na ci Malam Garba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar taubashina Malam Garba, tsohon malamin firamare a Yelwa, kuma har yau akwai tambayar da ban yi masa ba.

Bayan la'asar mukan zauna gindin tsamiya kusa da inda jirage ke sauke kifi, mu tona gurabe mu buga dara, ni da tsinke, shi da tsakuwa. Shi ci bai dame shi ba. So yake ya gane yadda mutum ke koyo. Yakan ɗauki masunta biyu da ba su iya ba, ɗaya ya riƙa nuna masa kuskurensa bayan kowane wasa, ɗayan ya ƙyale shi ya yi ta shan kashi. Daga baya ya haɗa su, ya zuba ido.

Ashe ni ma gwada ni yake. Wata guda ina cinye shi, har na fara faɗa wa mutane. Sai ya gaya mini da gangan yake buɗe mini hanya, don ya ga ko mai ci yana sauya dabara. Ban sauya ba. Gurbin da na fara da shi ranar farko, shi na yi ta maimaitawa.

Ya ce, "Bawana, kai ci ke rufe ma ido."

A makonsa na ƙarshe, yana jinya, ya sa na tona gurabe a ƙofar ɗakinsa. Ranar na fara ta wani gefe dabam, kuma na ci shi. Ya yi murmushi. Na so in tambaye shi ko bar mini ya yi, na ce sai gobe.

Idan da gaske ya buga, to na sa duk ƙarfina a kan majinyaci, kuma na nemi gafarar Allah a kan haka. Idan bar mini ya yi, ban san abin da ya gano ba.

Yanzu samari a waya suke wasanninsu. Na san da Malam Garba na nan, da zai zauna kusa da su ya tambaya ko wayar na bar masu ne don kada su ajiye ta.

Nakan ɗan buga da wasu dattawa. Su ci ni, in ci su, kowa ya kakkaɓe rigarsa. Babu mai son sanin dalilin da ya sa na ɗaga tsinke. Shi kaɗai ya taɓa damuwa da wannan. Allah Ya sanyaya makwancinsa.