Iskar da ke Lashe Ƙanƙara

Shekara ashirin da bakwai Malam Tanko ya yi yana sayar da ƙanƙara a bakin titin Gyadi-Gyadi a Kano. Gajere ne, ga baki kamar reza. In ka yi masa tayin wulaƙanci sai ya ce ka je ka sa ruwanka a randa. Masu zoɓo da kunun aya na Tarauni duk sun san shi. Yakan dubi ƙanƙara cikin buhu ya ce, "Wannan ba za ta ga la'asar ba," kuma ba ta gani.

Da wannan sana'a ya ilmantar da 'yarsa Zahra'u, har ta sami gurbin karatu a wata ƙasa mai dogayen duwatsu. Aikinta ta sa kwamfuta ta lissafa dusar ƙanƙarar da ke taruwa a kansu, yaushe take narkewa, ruwa nawa take ba koguna, shekaru hamsin baya da hamsin gaba. A rumfarsa Malam Tanko sai cika baki: "Ni da ita layinmu ɗaya." A zuci kuwa abin na cinsa. In ta bugo waya, daga "Kin ci abinci?" zancensa ya ƙare, sai ya miƙa wa uwarta. Tsoronsa kada boko ya raba shi da hirar 'yarsa.

Wata Asabar kiranta ya same shi a rumfa, babu wanda zai miƙa wa. Muryarta a sanyaye.

"Baba, lissafina ya ƙi. Kwamfuta ta ce ruwa mai yawa zai sauko, amma wanda aka auna a kogi bai kai ba. Wata uku ina neman ragowar."

Ya ce, "Wajen naku akwai iska?"

"Sosai ma, busasshiya."

"Ke! Rana in ta ci ƙanƙara tana barin ruwa a ƙasa. Iska kuwa lashewa take yi, har da danshin. Don me kike zaton nake toshe bayan rumfa da buhu?"

Can ya ji ta miƙe da sauri.

"Baba, kar ka kashe. Bari in ɗauko biro."

Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa. Saratu mai zoɓo ta gaji da sallama ta tafi. Ƙanƙarar da ya buɗe mata tana ta zuba a kan silifas ɗinsa, shi kuwa yana cewa, "Rubuta, na biyu..."